Netwok Mai Auna Kansa da Gyara Kansa: Amsa ga Wani Injiniya a Gombe

Wani matashin injiniya da aka ɗora wa alhakin kula da netwok na wata ma'aikata mai hedikwata a cikin garin Gombe, da rassa a Kumo da Billiri da Kaltungo da Bajoga da Dukku, ya aiko mini da tambaya bayan sallama. Ya ce allon sa ido da ke ofishinsa kullum kore ne, alamar komai lafiya, amma ma'aikatan rassa ba sa daina kiransa cewa intanet na jan ƙafa ko ya ɗauke gaba ɗaya. Ya ƙara da cewa wasu dillalai sun kawo wa shugabanninsa tallar wata manhaja da suka ce za ta sa netwok ya riƙa auna kansa yana gyara kansa ba tare da sa hannun kowa ba. Yana so ya san ko maganar gaskiya ce, ko ya dace su saya, kuma ina matsayin injiniya idan aka saya.

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya taya ka riƙo. Maganar dillalan tana da ƙamshin gaskiya, domin akwai ayyuka da yawa da manyan netwok ke yi wa kansu tun shekaru masu yawa, amma abin da ke damunka yau matsalar awo ce, kuma duk wanda ya miƙa wa na'ura ikon yanke hukunci kafin ya gyara awonsa, ya ba ta damar yin kuskure da saurin da mutum ba zai iya tarewa ba. Saboda haka zan fara da awon, kuma a nan zan fi daɗewa.

Allon da ke gabanka, idan irin wanda aka saba gani ne a ma'aikatunmu, yana aiki da ƙa'idar SNMP, wadda aka fara fitarwa a 1988. Kwamfuta guda a hedikwata ce ke bin rauta da suwic, wato na'urorin da ke rarraba bayanai a netwok, ɗaya bayan ɗaya, galibi bayan kowane minti 5, tana tambayar kowanne ko yana raye da kuma adadin bayanan da suka wuce ta kowace ƙofarsa. Wannan tsari yana da amfani, kuma ba na ba ka shawarar jefar da shi, sai dai yana da makanta guda uku da ya kamata ka sani. Ta farko ita ce matsakaicin lissafi na minti 5 yana binne cunkoso: idan layinka mai ɗaukar megabit 100 ya cika maƙil na tsawon daƙiƙa 30 sannan ya zauna kusan fanko a sauran lokacin, allon zai nuna maka kashi 10 cikin ɗari, alhali a cikin waɗannan daƙiƙu 30 kiran bidiyo ya yanke, kuma wanda ke shigar da bayanan albashi a Bajoga ya ga shafinsa ya daskare. Ta biyu ta shafi ma'ƙidayar da ke ƙirga bayanan da suka wuce a cikin na'urar kanta, domin tsohuwar ma'ƙidaya mai bit 32 tana cika ta koma sifiri bayan bayit 4,294,967,296, wanda a layi mai gigabit 1 da ke aiki a cike kusan daƙiƙa 34 ne kawai, don haka dole ka tabbatar manhajarka tana karanta mai bit 64, in ba haka ba zanen da kake kallo ƙarya ne zalla. Ta uku ita ce mafi girma: kana tambayar kowace na'ura labarin kanta ne, daga wuri guda, ta hanya guda. Rauta na iya amsa cewa yana lafiya alhali abin da ke tsakaninsa da na gaba yana zubar da fakiti, wato gutsattsarin bayanan da ake aikawa, ko sabar DNS, mai fassara sunan shafi zuwa adireshinsa, ta kamfanin da ke ba ku intanet tana ɓata daƙiƙa biyu kafin ta amsa, ko matsalar tana can a Abuja ko Legas inda ba ka da na'ura ko ɗaya.

Maganin wannan shi ne a rarraba awon, a ajiye ma'auni a inda mai amfani yake zaune, a sa shi ya riƙa yin abin da mai amfani ke yi. Ba abu ne mai tsada ba. 'Yar ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi, ko tsohuwar laftof da aka daina aiki da ita, ta isa ta zama ma'auni a kowane reshe. Aikinta shi ne ta riƙa aika fakitin gwaji ba dare ba rana zuwa wurare da ka zaɓa da gangan: rautan reshen, hedikwata, sauran rassa, rautan farko na kamfanin intanet, wata saba a Legas, da wata a Turai. Kayan aikin ma tsofaffi ne amintattu. Mike Muuss ya rubuta ping, mai auna lokacin zuwa da dawowar fakiti, a 1983, Van Jacobson ya rubuta traceroute, mai nuna hanyar da fakiti ya bi, a 1987, kuma manhajar SmokePing ta Tobias Oetiker, wadda kyauta ce, tana tattara sakamakon ping ta zana shi ta yadda za ka ga jinkiri da zubewa da tangal-tangal ɗin lokaci a zane guda. Ka haɗa da gwajin tsawon lokacin da DNS ke ɗauka, da na buɗe ainihin shafin da ma'aikatanku suka fi amfani da shi, domin shi ne abin da suke kira intanet idan sun kira ka.

Lambobin da za su fito ba za su yi maka magana ba sai ka san abin da ya kamata su kasance. Haske a cikin faiba yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, wato zuwa da dawowa na kowane kilomita 100 yana cin milisakan 1, kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Daga Gombe zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne a miƙe, don haka ko da babu cunkoso ko kaɗan ba za ka ga ƙasa da kimanin milisakan 10 ba, kuma a aikace za ka ga fiye da haka saboda faiba ba ta bin miƙaƙƙiyar hanya kuma tana ratsa na'urori da yawa. Daga Legas zuwa Landan yakan kai kusan milisakan 100. Tsohon tauraron ɗan'adam da ke tsaye a nisan kilomita 35,786 jinkirinsa ba ya gaza kusan rabin daƙiƙa, yayin da na Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ke shawagi a nisan kusan kilomita 550. Amfanin sanin wannan shi ne, idan ka auna daga Dukku zuwa wata saba da ka san tana Legas ka ga milisakan 200 ko fiye, kuma lambar ba ta motsi dare da rana, to da wuya cunkoso ne. Mai yiwuwa bayananka sai sun je Turai sun dawo, kuma traceroute zai tabbatar maka. Wannan shi ne dalilin kafa cibiyar musayar intanet ta Najeriya, IXPN, a 2006, wadda daga baya ta buɗe rassa a Abuja da Fatakwal da Inugu da Kano, don bayanan cikin gida su tsaya a cikin gida. Ka tambayi kamfanin da ke ba ku layi ko yana musaya a can, kuma a wane gari.

Zubewar fakiti ita ce abin da matasan injiniyoyi suka fi rainawa, kuma ita ce ta fi cutarwa. Mutum zai ga kashi 1 cikin ɗari ya ce ai 99 sun isa. Amma ƙa'idar TCP, wadda kusan duk abin da ake saukewa ke bi ta kanta, tana ɗaukar kowace zubewa a matsayin alamar cunkoso ta rage gudu. Akwai lissafin da Matt Mathis da abokan aikinsa suka wallafa a 1997 da ke kimanta iyakar gudun da TCP na gargajiya zai iya kaiwa, kuma idan ka sa masa fakiti mai bayit 1,460 da zubewar kashi 1 cikin ɗari da jinkirin milisakan 100, abin da zai ba ka bai kai megabit ɗaya da rabi ba, ko da layin da kuka biya na megabit 100 ne. Idan jinkirin milisakan 10 ne, wannan zubewar dai za ta bar ka da kusan megabit 14. Ka ga ke nan laifi guda, misali mahaɗin faiba da ƙura ta shiga ko kebul da ɓera ya ɗan ciza, ba zai dami mai buɗe sabar hedikwata ba, amma zai gurgunta mai buɗe abin da ke Turai, kuma mu da muke nesa da gaɓar teku mun fi kowa jin zafinsa. Allon SNMP zai nuna maka layi kusan fanko, ka yi zaton akwai yalwa, alhali fankon nan shi ne alamar ciwon.

Ƙarfin awon da aka rarraba yana bayyana ne idan aka jera sakamakon wurare da yawa gefe da gefe. A ce rassanku na kudu a sarƙe suke bisa hanyar Yola, daga Gombe zuwa Kumo, daga Kumo zuwa Billiri, daga Billiri zuwa Kaltungo. Idan ma'aunin Billiri da na Kaltungo suka fara ganin zubewa a minti guda, na Kumo kuwa bai ga komai ba, ka san laifin yana tsakanin Kumo da Billiri tun kafin ka tayar da mota. Idan duk rassan suna isa hedikwata lafiya amma dukansu suna ganin jinkiri zuwa Legas, laifin ba naka ba ne, kuma yanzu kana da hujja mai kwanan wata da lokaci da za ka ajiye a gaban kamfanin intanet. Idan reshe guda ne ke kuka kuma ma'auninsa da ke kan kebul bai ga komai ba, ka duba wayfay na ginin. Wannan kwatance ba zai yiwu ba sai agogunan ma'aunan duka sun daidaita, don haka ka sa su duka a kan NTP, ƙa'idar daidaita agogo da David Mills ya fitar a 1985. Raspberry Pi na da ba shi da batirin agogo, kuma duk lokacin da wuta ta ɗauke ya dawo, sai ya tambayi netwok kafin ya san ƙarfe nawa. Ka kuma tuna hanyar zuwa ba lalle ta zama hanyar dawowa ba, shi ya sa ake auna kowane layi daga bakinsa biyu.

Abin da nake ba ka shawara a ƙanƙane shi ne abin da manya ke yi a faɗin duniya. Cibiyar RIPE NCC da ke Amsterdam ta ƙaddamar da RIPE Atlas a 2010, kuma yau tana da ƙananan ma'aunai fiye da 10,000 a gidaje da ofisoshin masu sa kai a ƙasashe da yawa; wanda ya karɓi guda ya jona yana samun damar gudanar da nasa awon daga na sauran, wato daga Gombe za ka iya ganin yadda sabarku ke bayyana ga wanda ke Landan ko Nairobi. Netwok na jami'o'i da cibiyoyin bincike suna amfani da perfSONAR don wannan manufa, kuma Microsoft ta bayyana a 2015 wani tsari nata mai suna Pingmesh inda sabobin cibiyoyin bayananta ke gwada juna ba tsayawa. Ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da kebul huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da ACE da SAT-3, suka lalace a yankin gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya tabarbare a Najeriya da Gana da maƙwabtansu, bankuna ma suka sha wahala. Irin waɗannan ma'aunai da ke warwatse su ne suka nuna wa duniya girman abin cikin ɗan lokaci, kuma injiniyan da ke da nasa awon a ranar ya gane cewa cikin gida lafiya lau, ƙetare ne ya toshe, bai ɓata yini yana kashe rauta yana kunnawa ba. Arewa maso gabas tana da ƙarancin irin waɗannan ma'aunai, kuma zan so ma'aikatarku da jami'o'inmu na Bauchi da Gombe da Kashere su riƙa karɓarsu, domin yankin da ba a auna shi ba, ba a lissafa matsalarsa idan ana tsara inda za a shimfiɗa sabuwar faiba.

Akwai wani nau'in awo na daban wanda ba ya aika komai, yana dai lura da abin da ke wucewa: NetFlow na Cisco da ya fito a 1996, da sFlow mai ɗaukar samfuri ɗaya cikin ɗaruruwa ko dubbai, da IPFIX. Shi ne zai gaya maka wa ya cika layin a waɗancan daƙiƙu 30, ko kwamfutoci ne suka taru suna sabunta manhajarsu da ƙarfe tara na safe. Ka riƙe shi da amana, domin yana nuna inda kowane ma'aikaci ya shiga, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta hau kanka. Ka tara abin da aiki ke buƙata kawai, ka ƙayyade masu gani da tsawon ajiya.

Da zarar ma'aunai sun yawaita, sabuwar tambaya za ta taso, wato ina za a kai bayanan kuma wa zai tace su. Wurare 6 da ke gwada juna suna ba da hanyoyi 30, amma wurare 100 suna ba da 9,900, kuma idan kowane sakamako sai ya tafi hedikwata ɗanye, awon da kansa zai zama kaya a kan layin da ake aunawa. Tsarin da ya fi dacewa ya yi kama da na sarautar gargajiya: mai unguwa yana kashe ƙaramar rigima a inda ta taso, ya kai wa dagaci taƙaitaccen bayani, sai abin da ya fi ƙarfin hakimi ne ke isa fada. Haka ma'aunin reshe ya kamata ya tace nasa, ya aika taƙaitawa a kai a kai, ya aika cikakken bayani idan ya ga abin da ya saɓa, kuma ya ajiye komai a cikinsa idan layi ya yanke har ya dawo, domin lokacin yankewar shi ne lokacin da ka fi buƙatar sani. Ka kuma tanadi wata ƙofa ta daban da ba ta bi ta babban layin ba, ko da modem ne mai layin wani kamfanin waya daban, don ka iya shiga rautan Kaltungo ranar da hanyar Kaltungo ta mutu.

Littattafan da aka rubuta a Turai da Amurka ba su cika damuwa da wuta ba, mu kuwa a nan ita ce kan gaba. A abin da na gani a wannan yanki, yawancin abin da ake kira matsalar netwok a rassa matsalar lantarki ce da zafi. Saboda haka ka auna ƙarfin batirin inbata, da lokacin da janareta ya tashi, da zafin ɗakin na'urori musamman a Maris da Afrilu, da abin da sola ke bayarwa lokacin hunturu idan ƙura ta lulluɓe faranti. Idan kuna da layin rediyo tsakanin hasumiya da hasumiya, ka riƙa rubuta ƙarfin siginarsa, domin mamakon damina yana raunana mitocin da suka haura gigahaz 10, iska kuma tana karkatar da faranti a hankali. Yawancin kawunan faiba na zamani suna faɗin ƙarfin hasken da suke karɓa, kuma raguwarsa sannu a hankali cikin makonni gargaɗi ne tun kafin layin ya yanke.

Yanzu ga batun gyaran kai. Intanet ya daɗe yana yin sa, kuma mafi kyawun misali ya girmi yawancin masu tallarsa. A Oktoban 1986, gudun bayanai tsakanin ɗakin bincike na Lawrence Berkeley da Jami'ar Kalifoniya a Berkeley, waɗanda yadi 400 ne kawai tsakaninsu, ya faɗo daga bit 32,000 a daƙiƙa zuwa bit 40, saboda kowace kwamfuta tana sake aika abin da ya ɓace tana ƙara cunkoso a kan cunkoso. Gyaran da Van Jacobson ya gabatar a 1988 bai naɗa wani shugaba a tsakiya ba. Ya sa kowace kwamfuta ta auna jinkiri da zubewar da take gani, ta ƙara gudu a hankali, ta rage shi sosai idan ta ga alamar cunkoso. Haka ƙa'idar OSPF take sa rautoci su gaisa bayan kowace daƙiƙa 10, idan maƙwabci ya yi shiru na daƙiƙa 40 a ɗauka ya mutu a sake lissafin hanya, wata ƙa'ida mai suna BFD kuma ta rage wannan jira zuwa ƙasa da daƙiƙa guda. Turakun wayar salula na 4G suna gano maƙwabtansu da kansu. A 2001 kamfanin IBM ya ba wa wannan buri suna, autonomic computing, daga baya kuma ya fitar masa da tsari mai zagaye: a lura, a tantance, a tsara, a aiwatar, sannan a sake lura don ganin ko gyaran ya yi aiki. Abin da ya sa waɗanda na ambata suka yi nasara shi ne kowannensu yana yanke ƙaramin hukunci, a kan abin da ya auna da kansa, kuma hukuncin mai warwaruwa ne.

Inda aka rasa waɗannan sharuɗɗa, gyaran kai ya sha zama shi ne musabbabin rushewa. Ranar 15 ga Janairun 1990 wata na'urar haɗa kira ta kamfanin AT&T a New York ta ga ɗan laifi a jikinta ta sake tashi, kamar yadda aka tsara ta. Saƙonnin da ta aika bayan ta dawo suka taɓo wani kuskure a manhajar farfaɗowa ta maƙwabtanta, su ma suka faɗi suka tashi suka kayar da na kusa da su, har abin ya game na'urori 114 na tsawon kusan awa 9. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɓace na kusan awa 6, kuma bayanin da kamfanin ya bayar ya cancanci kowane injiniya ya yi nazarinsa. Wani umarni da aka bayar lokacin aikin gyara ya katse manyan layukan da ke haɗa cibiyoyin bayanansu, manhajar da aka sa ta tantance irin wannan umarni tana da kuskure ba ta hana shi ba, sabobin DNS kuma, waɗanda aka tsara su janye kansu daga intanet idan sun kasa isa cibiyoyin, suka janye gaba ɗaya a lokaci guda. Kowace saba ta yi daidai bisa abin da ta gani, amma babu wanda ya gaya musu cewa idan kowa ya ga kansa ba lafiya, janyewar kowa ta fi zaman kowa muni. Kayan aikin da injiniyoyin za su yi gyara da su ma a kan wannan netwok ɗin suke, sai da aka tura mutane cibiyoyin da ƙafarsu. Mu ma a gida mun ga yadda amincewar na'ura da na'ura ke yaɗa kuskure, ranar 12 ga Nuwamban 2018, lokacin da kuskuren saiti a MainOne ya sa bayanan da ke nufin Google suka bi ta Chana da Rasha fiye da awa guda, domin rautocin wasu manyan kamfanoni sun karɓi sanarwar BGP, ƙa'idar da kamfanoni ke sanar da juna hanyoyin intanet da ita, ba tare da tacewa ba.

Daga nan za ka iya fitar da ma'aunin abin da za ka miƙa wa na'ura. Ka miƙa mata abin da ke faruwa a kai a kai, wanda ka fahimci dalilinsa sarai, wanda illarsa ba ta wuce reshe guda ba, kuma wanda za a iya mayar da shi yadda yake: komawa layin ajiya idan babban layi ya mutu, sake tayar da na'urar wayfay da ta daskare, fifita kiran murya a kan saukar da manyan fayil idan layi ya cika, adana kwafin saitin kowace na'ura kowane dare. Ko a nan ma ka sa mata birki. Kada ta sauya layi saboda fakiti biyu sun ɓace, kuma kada ta koma babban layi da zarar ya yi motsi. Ta jira ya tabbata na wasu mintuna, in ba haka ba ranar da layi ke kamawa yana saki za ta yi ta kai da kawo, kowace sauyawa tana yanke kiran mutane. Ka ƙayyade sau nawa za ta maimaita gyara guda, misali sau uku, daga nan ta tsaya ta kira ka. Ka hana ta taɓa rassa fiye da ɗaya a lokaci guda. Ka sa ta rubuta duk abin da ta yi da dalilinsa. Na'urorin Juniper suna da umarnin da ke warware sabon saiti da kansa idan ba ka tabbatar da shi cikin 'yan mintuna ba, MikroTik da ta cika ma'aikatunmu ma tana da yanayin kariya mai warware canji idan haɗinka ya yanke. Duk wanda ke taɓa rautan Dukku daga Gombe ba tare da ɗayan waɗannan ba yana kasada da tafiyar yini guda. Abin da ya shafi sanarwar BGP, da dokokin katangar tsaro, da sabunta manhajar manyan rautoci, na'ura ta shirya ta ba da shawara, mutum ya duba ya sa hannu.

Game da manhajar da aka kawo muku talla, ban ce kada a saya ba, na ce lokacinta bai yi ba. Irin waɗannan manhajoji, har da masu aiki da ƙirƙirarriyar basira, suna koyon abin da ya zama al'adar netwok ɗinka ne don su gane abin da ya saɓa, kuma al'adar taku tana sauyawa da damina da hunturu da azumi da ƙarshen wata lokacin albashi. Wadda ba ta ga shekara guda ta bayananku ba, ko dai ta dame ka da ƙararrawar banza har ka daina saurare, ko ta koyi cewa ɗaukewar layin Billiri kowace la'asar al'ada ce ta daina faɗa. Ka fara da ma'aunan rassa da manhajojin kyauta irin Zabbix ko LibreNMS tare da SmokePing, ka tara bayanan damina guda da rani guda, ka zauna da shugabanninka ku amince a rubuce kan abin da ake nufi da lafiya, domin alkawarin kashi 99.9 cikin ɗari yana nufin yankewar kusan awa 9 a shekara, na kashi 99 kuwa fiye da kwana uku da rabi, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba ne.

Aikinka ba zai tafi ba, amma zai sauya: zai ragu a kan hanya da tsani, ya ƙaru a wajen zaɓen abin da za a auna, da rubuta iyakokin da na'ura ba za ta ƙetare ba, da binciken abin da bai taɓa faruwa ba. Ka koyi Python da Linux da ɗan lissafin ƙididdiga tun yanzu. Idan dillalan suka dawo, ka nemi su nuna maka a aikace abin da manhajar ke yi idan hanyarta zuwa sabarsu ta ƙetare ta yanke kamar ranar 14 ga Maris, da inda take ajiye bayananku, da yadda ake dakatar da ita nan take, da ko za ta iya zama wata uku tana ba da shawara kawai ba tare da ta taɓa komai ba, don ka gwada shawarwarinta da abin da ma'aunanka na Kumo da Bajoga suka rubuta.